Littafin da Aka Ɗauko da Sanda

"An fasa."

Alhaji Dabo bai ƙara komai a kai ba. Ya ci gaba da wanke hannu. Shekara talatin ya yi yana saye da sayar da shanu a kara, ya saba yanke ciniki da kalma biyu, kuma bai ga dalilin da zai sa auren 'yarsa ya ci ta uku ba.

Raihana tana durƙushe da buta. Ruwan ya ci gaba da zuba bayan hannun ya bar wurin.

"Baba, me aka fasa?"

"Maganarki da yaron Baure. Tambayi Baffanki."

Baffa Maharazu, ƙanen Alhaji, yana gefen tabarma da fuskar wanda ya dawo daga yaƙi. Shi aka tura Baure bincike, ya jiyo asalin Abdulmuhaimin da halinsa kafin a karɓi magabatansa. Masu bincike sukan dawo da labari. Baffa ya dawo da baƙar leda.

"Asali dai ba laifi," in ji shi. "Manoma ne, gero da gyaɗa. Yana koyarwa a sakandare. Ba ya shan komai, ba ya faɗa da kowa, in liman ya yi tafiya har shi yake jan sallah. Nan na fara zargi. Mutum ba ya cika haka a banza."

Ya gyara zama.

"Sai na ja maƙwabcinsa gefe. Ya ce yaron kirki ne, sai dai duk Asabar da hantsi ana jin ihun mace a ɗakinsa. Ihu irin na wadda ake yankawa. In an buga ƙofa sai ya fito yana murmushi, shi kaɗai, da gyaɗa a hannu."

"Fim ne, Baffa. A kwamfuta yake kallo."

"Na san fim, Raihana. A fim rawa ake yi."

"Akwai na ban tsoro..."

"Bar ni in gama. Maƙwabcin ya buɗe mini ɗakin, don shi yaron yana makaranta. A bango akwai taswira. Na ɗauke ta a waya, na nuna wa wani direban tirela da ya san hanya tun daga Legas har Agadas. Ya ce wannan ƙasar ba ta duniyar nan ba ce."

"Ai ba ta duniyar nan ba ce, ta cikin labari ce."

"Yaya, ka ji da bakinta."

Sannan ya sa sanda ya juye ledar. Littafi ya faɗo, mai kauri kamar bulo. A bangonsa akwai ƙoƙon kan rago da ƙahonninsa, cikin ramukan idon kuma idanun mutum ne, a buɗe, bayansa wani haske kore.

"Da sanda na ɗauko shi. Ban taɓa ba, ban buɗe ba."

Alhaji ya janye ƙafarsa. Wannan kuwa a garin da ake kai baƙi su ga rijiyar da aka ce maciji ya taɓa tsarewa, ana ba su labarin da alfahari. Amma wancan macijin na gida ne, an san danginsa.

Raihana ba ta janye tata ƙafar ba. Tana kallon gefen bangon da ya lanƙwashe, da zoben da kofin shayi ya bari a kan ƙahon hagu. Ta san ranar da aka yi zoben nan. Ta san kofin.

"Ba zan tilasta miki kowa ba," in ji Alhaji. "Shekararki ashirin da biyar, kina koyar da 'ya'yan mutane, kin san dama da hagu. Amma wancan ba zai taka zaurena da sunan suruki ba. Mutanen Yazid sun yi haƙuri wata takwas. Ran Juma'a suna jiran amsa."

Yazid ɗan abokin cinikin Alhaji ne. Yana da difloma, yana da shagon wayoyi, kuma ba a taɓa kama shi da littafi ba.

*

A ɗaki Raihana ta faɗa jikin mahaifiyarta, Hajiya Zubaida, ta saki kukan da ta danne a tsakar gida.

"Umma, nawa ne."

"Mene ne naki?"

"Littafin. Ni na saya a Katsina wurin masu tsofaffin littattafai, tun ina kwaleji. Ni na ara masa. Sunana yana shafin farko, da rubutun hannuna."

Hajiya ta tashi ta rufe ƙofa. Ta dawo ta rufe taga, duk da zafin da ake yi.

"Akwai wasu goma sha huɗu a ƙarƙashin gadona, cikin kwalin taliya."

"Innalillahi. Shekara nawa muna kwana da su a gidan nan?"

"Shida."

"Me kike samu a ciki, 'yar nan? Ƙoƙon kai?"

Raihana ta share ido da bakin mayafi.

"Umma, kin tuna lokacin da Goggo take mana tatsuniya, mu ƙanƙame juna muna cewa ta bari, in ta bari mu fashe da kuka? Shi ne. Sai dai wannan ya fi tsawo. In na buɗe sai in ji kamar an ɗage rufin ɗakin, duniya ta fi yadda na san ta girma, ni kuma na zama 'yar mitsitsiya a cikinta. In na rufe sai in ji daɗin ganin butata a inda na bar ta. Duk Daura ban sami wanda zan gaya wa haka ba. Shi ranar da na gaya masa bai yi dariya ba. Cewa ya yi, ke ma?"

Hajiya ta matso kusa da ita.

"To saurare ni. Namiji in an ce matsafi ne, ya canza gari ya yi aurensa. Mace in an ce tana da iska, ko ta haifi goma ana nuna ta da haɓa. Baffanki in ya ji, kafin magariba labari ya kai Zango. Ba Yazid, ba na Baure, ba kowa. Ga ƙannenki mata biyu a bayanki. Ki yi shiru."

"A ɓata masa suna saboda ni?"

"In yana sonki shi ma zai yi shiru. In ya faɗa, kin huta da shi."

"In ya yi shiru ai na rasa shi, Umma."

"Eh," in ji Hajiya. Ba mace ce mai yi wa 'ya'yanta ƙarya ba, sai in ta kama.

Raihana ta kifa kai a cinyarta ta ci gaba da kuka. Hajiya ta ɗauki kukan a matsayin alkawari.

Amma uwa ce. Da safe ta kai wa Alhaji koko, ta tsaya tana gyara murfin kwano da ba ya bukatar gyara.

"Alhaji, ka taɓa mayar da sa ba ka buɗe bakinsa ba?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Na ga dai ko ɗan maraƙi aka kawo maka sai ka duba haƙora. Jiya ka mayar da mutum sukutum a kan bangon littafi."

Ta fita. Alhaji bai sha kokon ba sai da ya huce.

*

Bayan la'asar ranar Laraba aka zauna a zaure. Littafin yana tsakiyar tabarma. Baffa yana kusa da ƙofar fita, saboda ko da wani abu. Abdulmuhaimin, dogo siriri mai tabarau, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ga littafin, ya ga sandar.

An kira Yazid ma. Shi zai bi layin Turancin da yatsa, kada a karanta wani abu a fassara wani.

Raihana da Hajiya suna bayan ƙofar cikin gida. Akwai tsaga a katakon, daidai ido ɗaya.

"Ɗauka," in ji Alhaji. "Ka faɗa mana abin da ke ciki da Hausa. In tsafi ne zan gane."

Abdulmuhaimin ya yi bisimilla ya buɗe. Baffa ya rufe ido. Ba abin da ya fito daga littafin sai wani tsohon tikitin mota.

"Ranka ya daɗe, labarin wani makiyayi ne, a wata ƙasa can ƙarshen arewa, inda rana take faɗuwa ta yi wata biyu ba ta fito ba."

"Ƙarya ta fara," in ji Baffa.

"Wannan gaskiya ne, Baffa. Akwai irin ƙasashen. Labarin ne ƙirƙira."

Alhaji ya dubi Yazid. Yazid ya ce shi ma ya taɓa jin haka a makaranta.

"Wata biyu," in ji Alhaji a hankali. "Dabbobin me suke ci? Ci gaba."

Ya ci gaba. Muryarsa ba ta da ƙarfi, sai da kowa ya matso. Ya ba su ƙasa fara fat, ƙanƙara tana sauka kamar auduga ba ta da sauti, har mutum ya ji bugun zuciyarsa. Ya ba su teku da ya daskare, mutane suna tafiya a kansa da ƙafa, kifaye suna wucewa a ƙarƙashin tafinsu. Ya ba su wani haske kore da yake saukowa daga sama cikin wannan doguwar duhuwa, yana lilo kamar labulen da iska take kaɗawa, daga wannan gefen duniya zuwa wancan, ba wuta, ba hayaƙi, ba tsawa.

"Shi ma ƙirƙira ne?"

"A'a, Baba. Shi ma akwai shi. Ana ganinsa har yau."

"Subhanallah," in ji Alhaji. Ya ɗaga kai ya dubi azarar zaurensa, kamar ta rage tsawo. "Muna nan muna jayayya a kan kuɗin akuya. Subhanallah."

Makiyayin yana da tumaki arba'in. Wata rana ya ƙirga ya ga arba'in da ɗaya. Ya sake ƙirgawa. Arba'in da ɗaya.

"Ta wani ce ta shigo," in ji Alhaji. "A yi cigiya."

Ya yi cigiya. Ba wanda ya yi ɓatan tunkiya. Amma a ranar an nemi maƙerin ƙauyen an rasa. Washegari arba'in da biyu, aka nemi wata tsohuwa aka rasa. Sababbin tumakin ba sa kiwo, ba sa kuka. Tsayawa suke a gefen garke suna kallon gidajen ƙauyen. Ɗaya daga cikinsu tana ɗingisa ƙafar hagu, daidai yadda maƙerin yake ɗingishi.

Yatsan Yazid ya tsaya a layi ɗaya tun ɗazu. Baffa ya baro bakin ƙofa, ya dawo tsakiya inda mutane suke.

Ranar da suka kai arba'in da tara, makiyayin ya farka bai ga matarsa ba. Ya buɗe ƙofa. Ga wata farar tunkiya a tsaye a bakin ƙofar, ƙanƙara ta taru a bayanta, alamar ta daɗe a wurin. Yunwa kuma ta shigo ƙauyen. Dattawa suka zo da wuƙa, suka ce ya fitar da tara ɗin nan da ba nasa ba a yanka, tunda ba su da mai su.

"Kada ya yarda!" Alhaji ya buga tabarma. "Wane irin makiyayi ne wannan? Ya buɗe bakinta mana! Ya duba haƙora!"

"Abin da zai yi ke nan, Baba."

A waje wani babur ya wuce, ba wanda ya ji shi.

"Ya durƙusa a cikin ƙanƙara, hasken nan kore yana lilo a kansu. Ya kama haɓarta. Ba ta yi gardama ba. Ya sa yatsa ya ɗaga leɓen." Abdulmuhaimin ya juya shafi. "Haƙoran mutum ne. A tsakiyarsu ga wushiryar matarsa."

"La'ilaha illallahu," in ji Baffa, da wata 'yar siririyar murya.

A bayan ƙofa Hajiya ta damƙe hannun Raihana har ya yi zafi. Raihana ta karanta wurin nan sau uku, amma ba ta taɓa jinsa da Hausa ba. Tsigar jikinta ta tashi kamar yau ne farko.

Alhaji ya shafa hannunsa, ya dubi gashin da ya miƙe a kai, ya yi mamakinsa. Shekara talatin yana buɗe bakin dabbobi. Bai taɓa tunanin ana iya samun wani abu a ciki ban da shekaru ba.

Sai ɗan kasuwar cikinsa ya farka.

"Rufe. Wannan ba tsafi ba ne, tatsuniya ce ta masu dogon numfashi. Amma ni ba na sayen dabba sai na san hannun da ta fito. Wa ya ba ka shi?"

Abdulmuhaimin ya rufe littafin ya ajiye.

"Aro aka ba ni, ranka ya daɗe."

"Wa?"

"Ka gafarce ni, Baba. Ba zan iya faɗa ba."

"Yawwa!" Baffa ya sami muryarsa. "Ka ji ko, Yaya? Rantsuwa suke yi ba sa tona juna. Labarin ai tarko ne, dubi yadda ya kama mu. Ni kaina sai da na ji ƙafata ta yi sanyi."

Ta tsagar ƙofa Raihana ta ga Yazid ya jawo littafin, ya ɗaga bangon, ya dubi shafin farko. Ta ga idonsa ya tsaya. Ya san rubutun, ya sha ganinsa a jikin takardun ɗaliban da take dubawa in ya zo zance. Ya sauke bangon a hankali, ya ɗora hannu a kai, ya ƙura wa tabarma ido. Ba ƙarya ya yi ba. Shiru kawai ya yi, kuma shirun zai kai shi Juma'a lafiya.

"Na tambaye ka sau biyu," in ji Alhaji. "Ga ta uku. In ka faɗa, magabatanka su zo. In ba ka faɗa ba, ga hanyar Baure nan."

Abdulmuhaimin ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai dubi ƙofar cikin gida ba ko sau ɗaya, kuma ƙin dubawar ne ya karya mata zuciya.

"Allah ya ƙara girma, Baba. Na gode da aka saurare ni."

Ya miƙe, ya sa takalmi, ya fita.

"Raihana," in ji Hajiya cikin raɗa. "Ƙannenki."

"Ki yafe mini, Umma."

Ta zare hannunta ta tura ƙofar. Ta durƙusa a bakin zauren, hawaye yana sauka, amma muryar ba ta yi rawa ba.

"Nawa ne, Baba. Ni na ara masa. Yazid, ɗaga hannunka Baba ya gani."

Yazid ya ɗaga. Alhaji ya sa hannunsa, ba sanda, ya buɗe bangon. Ba ya karanta Turanci, amma ya san sunan da ya raɗa, ya san nasa a gefensa.

Yazid ya tuna cewa ya bar shago ba kowa. Ya yi sallama da ladabi ƙwarai, irin ladabin da ba ya dawowa.

Baffa yana kallon Raihana kamar zai ce ta buɗe baki a duba.

"Akwai wasu?" in ji Alhaji.

"Goma sha huɗu."

"Kin san abin da garin nan zai ce gobe?"

"Na sani, Baba."

"Yaron Baure ma ya sani. Shi ya sa ya tafi da sunanki a bakinsa."

Ya ɗora yatsansa a kan ƙahon ragon. Raihana tana jiran hukunci. Ta ji Abdulmuhaimin yana taka babur ɗinsa a ƙofar gida, ya ƙi tashi, ya sake takawa.

"Kin karanta shi har ƙarshe?"

"Sau uku."

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya dubi bango.

"Matar tasa. Sun yanka ta?"

Raihana ta ɗago kai. Ta dubi mahaifinta, mutumin da dillalai suke tsoro tun daga Daura har Mai'aduwa, yana zaune ya ƙi haɗa ido da ita. Ita ma a gidan ciniki aka haife ta.

"Ni ban iya fassara ba, Baba. In na faɗa zan ɓata shi. Shi ne ya iya."

"Eh ko a'a kawai na tambaya."

"Saura shafi ɗari huɗu kafin a kai wurin."

Alhaji ya juyo ya kalle ta sosai, kallon da yake yi wa wanda ya fi shi sanin farashi. A waje babur ɗin ya tashi.

"Maharazu, bi shi kafin ya hau titi."

"Ni, Yaya?"

"Kai ka ɗauko, kai za ka mayar da magana. Ka ce gobe bayan la'asar."

Baffa ya tsaya yana neman takalminsa da ƙafa.

"Kuma ka ce ya zo da manyansa," in ji Alhaji. "Shafi ɗari huɗu ba zan yi ta ajiye baƙo a zaure ba."